Filin sakin karnukan gadi a Bauchi: a duba katin rigakafi kafin a biya

Akwai masu horar da karnuka da ke karɓar kuɗi su ɗauki karen gidanka zuwa fili mai katanga, su sake shi ya yi gudu cikin 'yan'uwansa. Hidimar tana da amfani. Karen da ya wuni ɗaure da sarƙa a bayan gida, ba ya ganin kowa sai mai kawo masa abinci, shi ne ke zabura kan almajiri ko mai kawo ruwa ranar da ya kuɓuce. Manyan karnuka irin Alsatian da Boerboel suna buƙatar motsa jiki kullum, kuma wanda ya saba da mutane ya fi jin kira.

Matsalar tana bakin ƙofa. Mai filin da bai nemi katin rigakafi ba, kada ka ba shi karenka ko kyauta ne. Allura biyu ake dubawa. Ta ciwon haukar kare ana yin ta daga wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana haɗa ta, asibitin dabbobi kuma zai rubuta ranar a kati. Ɗayar ita ce DHLPP, rigakafin cututtuka biyar har da cutar fabo, wadda ake fara wa kwikwiyo a mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Kwikwiyon da bai gama ta ba, kada ƙafarsa ta taka filin. Cutar fabo, mai sa amai da gudawa mai jini da wari, a kashin kare take yaɗuwa, tana kuma zama cikin ƙasa wata da watanni. Bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 30 yana kashe ta a kan siminti da kwanon abinci, amma turɓaya ba ta wankuwa. Don haka fili mai daɓe ya fi, kuma kowa ya zo da leda ya kwashe kashin karensa nan take.

Sai kaska, musamman da damina. Bayan an dawo a buɗe kunnuwa, a duba tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya. In dasashin kare ya koma fari, ya daina cin abinci, a kai shi wajen likita, don kaska na sa cutar jini. Kada a shafa masa Sniper; guba ce, kuma karnuka na lasar jikinsu.

Fili nagari katangarsa ta kai kamar mita 2, ƙofarsa biyu ce, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki. Ba a haɗa kwikwiyo da ƙaton kare, ba a kawo karya lokacin barbara (kusan mako 3 take yi), ba a zuba abinci a kwano ɗaya. Nan faɗa ke tashi. In sun kaure, ba a sa hannu kusa da baki. Mutum biyu su kama ƙafafun baya su ja kamar baro. Kare mai cizo a sa masa takunkumi tun daga gida.

A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kai maki 40, a fita da su bayan asuba ko dab da magariba. Kare ba ya gumi kamar mutum, haki yake yi, kuma ƙasa mai zafi na ƙona tafin ƙafarsa.

A hanyar zuwa igiya ba ta barin hannu, a kuma kauce wa ƙofar masallaci da ta makarantar allo; mutane da yawa ba sa son kare ya taɓa tufafinsu, kuma haƙƙinsu ne. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, a tsare karen kwana 10 ana lura da shi. Kuɗin maganin yana wuyan mai kare.