Gem ɗin ƙattin mutum-mutumi: wanne ya dace da hannunka?

Mutum biyu za su iya ce maka suna son gem ɗin da ake shiga cikin ƙaton mutum-mutumi a tuƙa shi zuwa fagen yaƙi, amma ka miƙa musu faifai ɗaya, wani ya kwana a kai, wani ya ajiye hannun gem tun awa ba ta cika ba. Abin da ya haɗa waɗannan wasanni hoton bango ne kawai: ƙarfe mai ƙafafu, bindiga a kafaɗa, gari na ci da wuta a baya. Da ka kama tuƙi za ka ga kowanne da inda ya sa gaba. Saboda haka kafin ka fitar da kuɗinka, tambayi kanka abu biyu. Gudu kake so ko nauyi? Sannan nawa ne daga lokacinka ka yarda ya tafi a gareji, kana kwance ƙarfe kana ɗaura wani?

Zan fara da wanda na fi ƙauna, ba ɓoye-ɓoye. Armored Core VI: Fires of Rubicon na kamfanin FromSoftware ne na ƙasar Jafan, ya fito a watan Agustan 2023 bayan jerin ya yi shekara goma a kwance. Na farkonsa tun 1997 ne a PlayStation ta ɗaya. Ana samunsa a PS4 da PS5 da Xbox One da Xbox Series da kuma kwamfuta. Kai sojan haya ne mai lamba 621, an jefa ka duniyar Rubicon 3 inda manyan kamfanoni ke kashe juna a kan wani sinadari mai suna Coral. Labarin ta rediyo yake zuwa maka, muryoyi ne kawai babu fuskar kowa, kuma ƙarshensa uku ne, sai ka gama wasan sau uku za ka ga duka.

Ainihin gem ɗin yana gareji. Kai za ka zaɓi kai da ƙirji da hannuwa da ƙafafu, ka zaɓi janareta da injin tashi da na'urar saitin harbi, sannan ka rataya makamai huɗu, biyu a hannu biyu a kafaɗa. Ƙafafun ma iri huɗu ne, kuma kowanne yana sauya yadda ake faɗa gaba ɗaya. Masu biyu irin na mutum su ne tsaka-tsaki. Masu gwiwa a baya tsalle ne aikinsu. Masu huɗu suna iya tsayawa a sama suna zubo wuta. Na tankar yaƙi kuwa sun fi kowa ɗaukar kaya da jure duka, suna harba manyan bindigogi ba tare da sun tsaya ba. Kowane ƙarfe yana da nauyinsa da wutar da yake sha, idan ka yi wa ƙafafu lodin da ya fi ƙarfinsu ko janareta ta gaza, sai ka koma lissafi. Wani abin da na yaba musu shi ne kana sayar da kaya a kan kuɗin da ka saye shi, don haka gwaji ba ya jawo asara.

A ƙarshen babi na ɗaya akwai wani bos, wato babban maƙiyin da sai ka kayar da shi za ka wuce gaba, mai suna Balteus, a nan ake gane wanda gem ɗin ya karɓa. Yana shawagi cikin garkuwar wuta, ga zobban makamai masu linzami kewaye da shi, ya buɗe su gaba ɗaya har sama ta cika da hayaƙi. Idan ka tsaya nesa kana harbi da bindigar da ka saba, garkuwar ba za ta ko girgiza ba. Idan ya kashe ka, wasan zai ba ka damar sauya kaya a nan take daga abin da ka riga ka mallaka. Ka ɗauko bindigar da aka ƙera don cin garkuwa, ka manne masa a jiki, ka jira ma'aunin da ke saman kansa ya cika ya sandare na ɗan lokaci, sai ka sara masa takobi. Jininsa na kaiwa rabi kuma ya fito da wuta yana share fili da ita. Ranar da ka kayar da shi za ka san cewa injin da ka haɗa da hannunka ne ya yi aikin, kuma wannan daɗin ban same shi a wani gem ɗin ba. Sai dai a faɗi gaskiya, babu wurin rage wahala a saiti, babu kuma kiran aboki ya taya ka labarin. Haɗuwa da mutane ta intanet faɗa ne kawai, ɗaya da ɗaya ko uku da uku. Mai saurin fushi ya yi tunani sau biyu.

MechWarrior 5: Mercenaries wata duniya ce daban. Kamfanin Piranha Games na ƙasar Kanada ya fitar da shi a Disambar 2019 a kwamfuta, ya iso Xbox da PlayStation a 2021. Tushensa BattleTech ne, wasan tebur da aka fara a Amurka a 1984. A nan babu shawagi babu walƙiya. Injinan daga tan 20 suke zuwa tan 100, ƙaramin Locust a ƙasa, Atlas mai fuskar ƙoƙon kai a sama, kuma kana zaune ne cikin ɗakin tuƙi kana kallo ta gilashi. Tuƙinsu kamar na tirela ce mai cikakken lodi: sai ka ba ta wuta ta ɗauka a hankali, in za ka tsaya kuma tun da nisa za ka fara shiri. Ƙafafu na tafiya gabas, ƙirji na juyawa yamma yana harbi, kuma wannan shi ne abin da ke rikita sabon shiga.

Abu biyu ne ke sa zuciya bugawa a cikinsa. Na farko zafi. Kowane harbi yana ƙara wa injin zafi, musamman bindigogin haske. Ka yi zari ka danna su duka sau biyu a jere, sai ƙararrawa ta kama kuka, fitilu su ɗauke, ƙaton ya sunkuyar da kai ya mutu tsaye a tsakiyar maƙiya, kai kuma kana ciki kana jin harsashi na dukan sulke kana jiran ya farfaɗo. Na biyu, jikin kashi-kashi ne, kowane sashe da sulkensa. A cire maka hannun dama, bindigar da ke jikinsa ta tafi ke nan, kuma bayan yaƙi sai ka biya kuɗin gyara ka jira kwanaki. Shi ya sa gwanaye ke juya ƙirji bayan kowane harbi don dukan ya rarrabu. Kai ne shugaban rundunar haya, ka yi ciniki kan kwangila, ka zaɓi ko kuɗi kake so ko tarkacen injinan da ka kayar, ka biya matuƙa albashi. Ana fita da injina huɗu, kuma abokai uku za su iya karɓar sauran, wanda shi ne babban abin da ya fi Armored Core da shi.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Ayyukan suna maimaita kansu, je ka rusa sansani, je ka tsare sansani, labarin ma ba wani mai riƙe zuciya ba ne. Matuƙan da kwamfuta ke tuƙa maka wani lokaci sai sun gwada haƙurinka. Sannan yawancin abin da ya gyara shi yana cikin ƙarin da ake saya daban, irin su Heroes of the Inner Sphere, don haka ka duba wane kunshi ake sayar maka. Mai kwamfuta ya fi morewa, domin masoya sun ƙirƙiro gyare-gyare masu yawa da ake ɗorawa kyauta. Idan labari ne damuwarka, MechWarrior 5: Clans na 2024 ya fi tsari, injina biyar ake fita da su, amma babu wannan 'yancin na yawo kana neman kwangila.

Wanda bai taɓa buga irin waɗannan ba, ni Titanfall 2 nake fara nuna masa. Na kamfanin Respawn ne, ya fito a Oktoban 2016 a PS4 da Xbox One da kwamfuta. An sake shi tsakanin Battlefield 1 da sabon Call of Duty na shekarar, sai manyan biyu suka danne shi, alhali ya cancanci fiye da haka. Rabin wasan a ƙasa kake, kana gudu a jikin bango kana tsalle biyu a iska, rabin kuma cikin ƙaton. Kai ne Jack Cooper, ƙaramin soja da ya gaji wani inji mai magana, BT-7274, kuma shaƙuwar da ke shiga tsakaninku ita ce ke ɗauke da labarin. Akwai wani mataki da kake danna maɓalli ɗaya ka koma zamanin da ginin ke da rai, ka sake dannawa ka dawo kufai, duk kana tsakiyar tsalle. Labarin gajere ne, kamar awa shida, babu gareji babu lissafi. Ka saye shi don labarin. Ɓangaren intanet ɗinsa ya sha fama da masu kutse na tsawon lokaci, kada ka ɗora begenka duka a kansa.

Akwai kuma waɗanda hannunsu ba ya sauri amma kansu yana ja. BattleTech na 2018, wanda Harebrained Schemes suka yi, bi-da-bi ake buga shi, ka motsa injinanka huɗu maƙiyi ya motsa nasa. Inda ya burge ni shi ne yadda kwaɗayi ke shiga lissafi: ka fasa ƙirjin injin maƙiyi ka sami kashi ɗaya na tarkacensa, ka karya ƙafafunsa biyu ka sami kashi biyu, ka kawar da matuƙin ka bar injin ka sami uku, kuma uku ne ke haɗa sabon inji. Sai ka ga kana jinkirta kisa da gangan yaranka na shan wuta. A kwamfuta kaɗai yake. Into the Breach kuwa, shi ma na 2018, ɗan ƙarami ne, fili mai gida takwas-takwas, injina uku, kuma maƙiyi yana nuna maka inda zai buga kafin ya buga. Aikinka ka ture shi ko ka tare. Tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa, yana kan Switch, na'urar gem ta Nintendo, kuma yaƙi ɗaya mintoci kaɗan ne.

Sauran a taƙaice. Masoyin Gundam zai ji daɗin Gundam Breaker 4 na 2024, amma ya sani 'yan samfurin roba ake haɗawa a yi faɗa da su, nauyin ƙarfe babu shi. Daemon X Machina na 2019 ɗan'uwan Armored Core ne mai sauƙin hali, ya dace da mai Switch. 13 Sentinels: Aegis Rim kuwa karatu ne da labarin matasa goma sha uku, yaƙin daga sama ake kallonsa, mai neman tuƙi kada ya kuskura.

Batun na kyauta yana buƙatar a tsaya a kansa. War Robots a waya, MechWarrior Online a kwamfuta, Gundam Battle Operation 2, Mecha Break na 2025, duk ana shiga ba ko sisi, kuma ba laifi mutum ya ɗanɗana. Amma araha ba ta ado. A wasu daga cikinsu, musamman na waya, za ka kai wani matsayi inda wanda ya zuba kuɗi zai riƙa tattake ka ko da ka fi shi iyawa, daga nan sai ko dai ka biya ko ka haƙura. Babbar matsalar ma ita ce duk gem ɗin da ba ya tashi sai da sabar kamfani, wato kwamfutar da ke riƙe da wasan a intanet, ranar da aka kashe ta komai naka ya bi ruwa. Wannan fanni ya ga haka sau da yawa. Chromehounds na Xbox 360 ya fito a 2006, aka rufe sabarsa a 2010, mafi daɗin ɓangarensa ya mutu. An rufe Hawken na kwamfuta a farkon 2018. Gundam Evolution ya buɗe a Satumban 2022, ya rufe a Nuwamban 2023, da duk abin da mutane suka saya a ciki. Shi ya sa nake fifita wanda ke da cikakken labarin da za ka buga kai kaɗai ko intanet ta ɗauke, kuma Armored Core VI da MechWarrior 5 da BattleTech da Into the Breach duk sun cika wannan sharaɗi.

Ka kuma duba abin da ke hannunka. Armored Core VI ya fi zama da hannun gem, domin yatsu huɗu suna kan makamai huɗu a lokaci guda, kuma yana neman wajen giga 60 a kwamfuta. MechWarrior ya fi daɗi da kibod da linzami saboda yawan maɓallan da ake buƙata. A PlayStation da Xbox, buga gem ɗin da aka saya tare da abokai ta intanet yana buƙatar rajistar da ake biya daban, ka sa ta a lissafi idan don abokai za ka sayi MechWarrior.

In kuwa kwamfuta gare ka kuma kana shakka, Steam, shagon gem na intanet, yana mayar da kuɗi matuƙar ba ka wuce awa biyu kana bugawa ba kuma ba a yi kwana 14 da saye ba. Ga Armored Core VI wannan ya wadatar, domin aikin farko ma da wani ƙaton jirgi mai saukar ungulu yake ƙarewa, wanda ba ya faɗuwa sai ka daina ɓuya ka tashi ka same shi da takobi. Idan ya kayar da kai ka ji hannunka na ƙaiƙayin sake gwadawa, riƙe shi. Idan kuma ranka ne ya ɓaci, karɓi kuɗinka ka nemi Titanfall 2.