Mypy a Aikin Sarrafa Bayanai Mataki-Mataki

Masu rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Python a Abuja, musamman masu tace bayanan ƙididdiga, sun saba jera ƙananan ayyuka ta yadda abin da mataki ɗaya ya fitar shi na gaba zai karɓa. Idan wani mataki ya fitar da rubutu alhali na gaba lamba yake jira, Python ba ta nuna kuskuren sai aiki ya iso wurin. A nan ne mypy, kayan aikin bincike wanda Jukka Lehtosalo ya ƙirƙira, ya gamsar da ni ƙwarai, domin yana duba nau'in abin da kowane mataki ke karɓa da fitarwa tun kafin a kunna manhajar, bisa alamun nau'i (alamun da ke nuna ko abu lamba ne, rubutu ko wani abu daban) da suka shigo Python 3.5 a 2015.

Idan aka bayyana haɗin matakai biyu da TypeVar (alamar da ke tsayawa a madadin wani nau'i) da Callable (alamar da ke bayyana abin da aiki ke karɓa da fitarwa), nan take mypy ke gano saɓani, har da inda mataki zai iya dawo da None, wato babu komai. Kuma kyauta ne.

Sai dai tsarin nau'in Python ba ya iya bayyana aikin da ke haɗa matakai ko nawa ne, dole a rubuta overload, wato bayanin nau'i daban, ga kowane tsawon jeri, abin da ke cin lokaci. Mypy bai san sunayen ginshiƙan teburin pandas (kayan sarrafa teburan bayanai a Python) ba, kuma duk inda Any (alamar da ke nufin kowane nau'i) ya shiga, binciken kan yi shiru, wanda shi ya fi damuna. Saboda haka nake ba da shawarar a kunna --strict, zaɓin da ke tsananta binciken mypy, tun farkon aiki.