Kwana huɗu a Alƙahira: abin da kamfanin tafiye-tafiye ya yi mana ni da maigidana

Shekara biyu na yi ina zubin adashe a makarantar da nake koyarwa saboda wannan tafiyar, shi ya sa har yau in na tuna ranar da muka je Giza, inda dalar Fir'aunonin Masar take, sai in ji abu ya tokare mini ƙirji. Shekararmu goma sha biyar da aure, ni da Malam ba mu taɓa fita mu biyu kaɗai ba, in ba biki ko gaisuwar rasuwa a Argungu da Jega ba. Da kwasata ta zo, shi ma ya haɗa da abin da ya samu a shinkafar rani, muka kai yara wurin Inna, muka ce kwana huɗu a Masar ya ishe mu.

Kamfanin da muka ba aikin a nan Birnin Kebbi yake, cikin masu jigilar Umara da suka fara haɗawa da yawon buɗe ido. Ba zan kama suna ba. Kuɗi kuwa ba sai na faɗa ba, kowa ya san yadda canji ya mayar da komai. Gaskiya a farko sun burge ni. Biza ta fito ba tare da mun yi ta zarya ba, su suka tuna mana da katin rigakafin shawara tun da sauran lokaci, kuma da muka sauka daga jirgin Abuja akwai mai jiranmu da sunan Malam a takarda. Otal ɗin ma ba laifi. A daren farko har saƙon godiya na tura wa mai kamfanin.

Tsarin da suka turo mana ta WhatsApp ya ce rana ta biyu yini guda ne a wurin dala da Abul Haul, wato gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum. Wannan ranar ita ce dalilin tafiyar a wurina. Na sha koyar da yara labarin dalar nan daga hoton littafi, ina so in gan ta da idona.

An ce ɗan rakiya zai zo ƙarfe takwas. Tun bakwai da rabi muna zaune a ƙasa, cikin sanyin Janairu, bai iso ba sai goma saura. Muka shiga mota, ya ce kafin dala za mu ɗan tsaya mu ga yadda ake haɗa turare, wai yana cikin tarihin ƙasar. Aka zaunar da mu a kujerun alfarma, aka kawo zoɓo mai zafi, su karkade suke ce masa, aka fara shafa mana turare a hannu ɗaya bayan ɗaya har na daina bambance ƙamshi. Duk sanda Malam ya miƙe sai a kawo wata kwalba. Fiye da awa ɗaya muna nan, kuma kunya ta sa muka sayi kwalba biyu da ba mu yi niyya ba. Ni da nake da humra da turaren wuta cike da ɗaki, me ya kai ni Masar sayen turare?

Daga nan sai shagon bardi, takardar nan ta zamanin Fir'auna da ake yi da wata ciyawar bakin kogi. Nunin yadda ake jiƙa ta a jera a danne bai fi minti biyar ba, kuma ya ƙayatar. Sauran lokacin duk ciniki ne. Abin da ya fi ci mini rai, daga bakin ƙofar shagon ina hango kan dalar ta saman benaye, ga ta nan kusa, amma an hana ni isa. Na ce, "Malam, ka yi masa magana mana, rana tana tafiya." Ya ce, "Malama, yi haƙuri, baƙi ne mu, shi ya san gari." Malam yana da Larabci daidai gwargwado, amma na Misirawa daban ne, harafin jimun ma 'ga' suke furta shi, ga sauri, kafin ya haɗa magana mutumin ya wuce gaba. Bayan bardi aka kai mu shagon auduga, sannan gidan abincin da shi ya zaɓa.

Ba mu isa ƙofar shiga ba sai dab da la'asar. A nan ne ya juyo ya ce mu kawo kuɗin tikiti. Malam ya ce ai mun biya komai tun daga gida. Ya ce shi ba a ba shi ko sisi na tikiti ba. Muka ciro kuɗin Masar da muka canja, mai tagar ya girgiza kai: ba a karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Katin bankinmu na naira aka sa sau uku bai yi ba. Babu wanda ya taɓa gaya mana wannan a ofishinsu, alhali magana ɗaya ce da za ta sa mu yi shiri. Ƙarshe ɗan rakiyar ya biya da nasa katin, ya karɓi namu a hannu har da ƙari mai tsoka a kan abin da ke rubuce a jikin allon. Ina gani, ba yadda zan yi.

Sai ga ni a gindin babbar dalar, ta Sarki Khufu. Na taɓa ganin dalar shinkafa da aka jera a nan Kebbi, na zaci ina da abin kwatance, ashe ba ni da shi. Duwatsun jerin ƙasa wasu sun kai mini ƙirji, kuma irinsu sama da miliyan 2 aka ɗora. Tsayinta na asali mita 146 ne, ta yi kusan shekara 4,500 a tsaye, babu injin ɗaga kaya, babu siminti irin namu. Na ɗora tafin hannuna a kan dutsen, sanyi ƙalau, na yi tasbihi. Ina cikin haka masu raƙuma da keken doki suka yanyame mu, kafin mu rabu da su masu gadi sun fara busa usur suna kora mutane waje, domin lokacin sanyi da wuri ake rufewa. Shiga cikin dalar tikitinsa daban ne, kuma an riga an daina sayarwa. Abul Haul daga nesa na hango shi ta gilashin mota. Yini guda da aka sayar mana ya koma minti arba'in. A motar na yi kuka, ban ɓoye ba.

Da dare Malam ya kira mai kamfanin. Amsar da ya bayar ita ce, "Alhaji, ai haka tsarin ƙasar yake, amma za mu bincika."

Washegari aka sake wani. Tun a ofis mutumin ya ce mana, "Hajiya, har gawar Fir'auna za ku gani." Aka kai mu tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe tun 1902, muka zagaya muna tambaya, sai wata ma'aikaciya ta ce ai gawarwakin sarakuna ba sa nan. Tun watan Afrilun 2021 aka kwashe su, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, zuwa sabon gidan tarihi da ke unguwar Fusɗaɗ. Wato tsohon tsari kamfanin yake sayarwa, bai ma san abin da ya sauya ba.

Allah da ikonsa, da yamma a Masallacin Azhar abin ya juya. Muna zaune a farfajiyar nan mai farin dutse bayan sallah, ina mita, sai wani matashi ya matso ya yi sallama da Hausa. Ya ce, "Mama, na ji kina cewa 'mi' maimakon 'me', na san mutanen gida ne." Ɗalibi ne daga wajen Gwandu. Shi ya zagaya da mu masallacin, wanda aka fara gininsa a 970, kuma shi ya bayyana mana cewa 'yan rakiya da yawa kamasho suke samu a kan duk abin da baƙo ya saya a irin waɗancan shagunan, shi ya sa ba sa gaggawa.

Rana ta huɗu an rubuta mana ita a matsayin ranar sayayya, kuma da dare jirginmu zai tashi. Aljihu ya yi ƙasa, dole mu zaɓa: ko mu koma Giza, ko mu je inda ba mu gani ba sam. Muka zaɓi Fusɗaɗ. Yaron nan ya zo da sassafe ya sa mu a jirgin ƙasa na cikin gari da kuɗi ƙalilan, ya saya mana tikiti da katinsa a kan ainihin farashi. Ɗakin gawarwakin a ƙasa yake, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto, kowa ya yi tsit. Na tsaya a kan Ramsis na Biyu, wanda mutane da yawa ke cewa shi ne Fir'aunan zamanin Annabi Musa, Allah ne masani. Ga gashi a kansa, ga farce, ga hanci, ɗan tsoho a kwance cikin gilashi. Jikina ya yi sanyi, Malam kuwa ayar nan ta Suratu Yunus mai maganar jikin Fir'auna yake ta maimaitawa a hankali. Daga nan muka yi azahar a Masallacin Amru ɗan Asi, masallaci na farko da aka gina a Masar. Muka ci koshari, shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da soyayyar albasa, ya tuna mini da garau-garau. Kafin magariba muka shiga jirgin ruwa mai filafilai a Kogin Nilu, Malam yana ta kwatanta shi da kwalekwalen kogin Matan Fada na Argungu. Yaron ko kuɗin mota ya ƙi karɓa.

Daɗin wannan ranar ya sa na dawo gida da zuciya fara, har na ce wa abokan aikina kamfanin ba su da laifi sosai, ɗan rakiya ne ya ɓata musu aiki. Sai da na je ofishinsu neman kuɗin tikitin na janye maganata. Mutumin ya buɗe takardar ya nuna mini wani ɗan layi da Turanci can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, wai kuɗin shiga wurare ba ya ciki. Na ce, "Alhaji, da bakinka ka ce mana komai da komai, a gaban maigidana." Ya yi murmushi ya ce in mun tashi Umara zai yi mana ragi. Ko "ku yi haƙuri" bai ce ba, binciken da ya yi alkawari kuma ko zancensa bai tayar ba.

Malamai biyu a makarantarmu sun nemi lambarsu, ban bayar ba. Na ce musu duk wanda za su ba aikin, ya rubuta musu da Hausa ko tikitin shiga yana ciki, da ƙarfe nawa za a isa ƙofar dala, da cewa ba tsayawa a shago, kuma su tanadi katin da ke aiki a waje. Malam ya ce a bar su da Allah. Ni kam ranar Litinin zan sake komawa ofishin, guntayen tikitin suna nan cikin jakata.