Panasonic RC-6025: rediyo mai kyau, agogo mai sharaɗi

Daga cikin rediyoyi masu agogon da lambobinsa ke kifewa, waɗanda kamfanonin Japan suka cika kasuwannin Amurka da su a shekarun 1970, babu wanda masu tara tsofaffin kaya suke nema kamar Panasonic RC-6025. Fitowarsa a fim ɗin Groundhog Day na 1993 ce ta ɗaga farashinsa, domin a aiki bai fi sa'o'insa na Sony ba.

Agogon ba ya da allon lantarki. Lambobin suna rubuce ne a kan ƙananan ganyayyaki na roba da aka jera a jikin gargare, guda 60 na mintoci, kuma wani siririn ƙarfe ne yake riƙe kowane ganye har lokacinsa ya yi, sannan ya sake shi ya faɗo da 'yar ƙara. Wannan sashe yana da ƙarko ƙwarai, kuma yawanci abin da ke tsayar da shi bai wuce giris ɗin da ya daskare cikin motar, wato ƙaramin injin da ke juya shi, ba. A wanke tsohon giris, a ɗiga mai mara kauri kaɗan, sai ya tashi. Ƙwan da ke haska lambobin kan mutu, maɓallin ƙara murya kan yi ƙarƙara saboda datti, amma duk mai gyaran rediyo da ya san hannunsa zai iya da su. Ganyen da ya karye ne abin tsoro, domin sai an samo wani mataccen agogo irinsa kafin a maye gurbinsa.

Babban aibinsa a wurinmu shi ne wutar lantarki, kuma a nan ne masu saye suke yin asara. Motar agogon tana ƙidaya lokaci ne da bugun wutar kanta. Wanda aka ƙera domin Amurka yana son bolt 120 da bugu 60 a daƙiƙa, alhali wutar Najeriya da ta Nijar bugu 50 ce, kuma ƙarfinta ya kusa ninka na Amurka. Taransifoma za ta rage ƙarfin wutar ta hana shi ƙonewa, amma ba ta taɓa bugun, saboda haka agogon zai riƙa yin latti da minti 10 a kowace awa. Ga shi ba ya da batir, da zarar an ɗauke wuta ya tsaya cak, a kan janareta kuwa gudunsa ya danganta da lafiyar injin.

Rediyon yana kama FM da matsakaicin zango da murya mai daɗin saurare, sai dai babu gajeren zango, abin da zai ɓata wa masu bin tashoshin ƙetare rai. Mai sha'awar ajiye shi don ado ba zai yi nadama ba, amma wanda yake son agogon da zai tashe shi da asuba, gara ya duba bayan akwatin ya nemi irinsa da aka rubuta wa 50Hz, wato mai bugu 50 a daƙiƙa.