Akwatin faya-fayen Ozzy Osbourne: abin da ke ciki, da bugun da ya kamata a yi hattara da shi

A watan Nuwamban 2019 kamfanin Sony ya fitar da See You on the Other Side, akwati mai ɗauke da faifan garmaho 24 na waƙoƙin da mawaƙin nan ɗan Ingila, Ozzy Osbourne, ya yi da sunan kansa tun bayan da ƙungiyar Black Sabbath ta sallame shi a 1979. Wancan bugun faya-fayensa masu launi ne, kuma ya tsaya a kan kundin Scream na 2010. A watan Maris na 2025 aka sake fitar da shi da baƙaƙen faya-fayai 27, aka ƙara kundaye biyu na ƙarshe, Ordinary Man da Patient Number 9. Bayan watanni huɗu, ranar 22 ga Yuli, mawaƙin ya rasu yana da shekara 76. Ke nan bugu na biyu ya tattara tafiyar tun daga 1980 har 2022.

Wanda ya saurari faya-fayen a jere zai lura cewa Ozzy kansa bai canza sosai ba. Muryar nan tasa mai fita ta hanci tana nan, kuma kusan kullum sau biyu ake ɗaukarta a ɗora ɗaya a kan ɗaya don ta yi kauri. Ba ya kaɗa jita, kuma baitoci da yawa wasu ne suka rubuta masa, musamman Bob Daisley. Nasa shi ne karin waƙa da murya. Abin da ke juya kiɗan daga wannan zamani zuwa wancan shi ne wanda ke riƙe da jita da wanda ke zaune gaban na'urar haɗa sauti. Da wannan ma'aunin ya fi dacewa a auna akwatin.

Kundaye biyun farko su ne dalilin sayen akwatin tun asali. An ɗauki Blizzard of Ozz a situdiyon Ridge Farm da ke karkarar Surrey a Ingila cikin 1980, da Randy Rhoads a jita, Daisley a jitar bes, Lee Kerslake a ganguna, Don Airey kuma a kibod. Rhoads malamin jita ne tun kafin ya yi suna, kuma yana da ƙishin kiɗan gargajiyar Turai, don haka ya kawo wa hebi metal, wato kiɗan jita mai nauyi da ƙara, tsarin da Black Sabbath ba ta da shi: gudu, da tsabtar yatsu, da hawa da sauka masu lissafi. Kayan aikinsa ba su da yawa, farar Gibson Les Paul, da wata jita mai siffar V mai ɗigo-ɗigo, da amfilifayar Marshall, da ƙaramar na'urar MXR mai sa sauti ya yi kaushi. Sirrin yana wurin ɗauka. Yakan kaɗa solo guda, wato wurin da jitarsa ke jan ragamar waƙa, har sau uku kusan daidai wa daida, injiniya Max Norman ya baza su hagu da dama da tsakiya. Sa abin saurare na kunne ka kunna "Crazy Train": a daidai solo za ka ji jitar ta buɗe ta cika kunnuwa biyu, da ɗan rawar da ke fitowa saboda ɗaukar uku ba za su taɓa zama abu ɗaya sak ba. Sautin gangunan kuwa busasshe ne, ɗan siriri, irin na kundin da aka yi da kuɗi kaɗan cikin gaggawa.

Diary of a Madman na 1981 ya fi shi kyan ɗauka nesa ba kusa ba. An sassauta tsirkiyoyin jita da rabin mataki, sautin ya ƙara duhu, gangunan suka samu sararin ɗaki. Waƙar ƙarshe, wadda kundin ya ci sunanta, ta fara da jitar katako a hankali ta ƙare da ƙungiyar mawaƙa da kayan goge. A nan ne kuma na'urarka za ta tona kanta, domin waƙar ƙarshe tana kusa da tsakiyar faifai. Faifan garmaho yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, amma layin da allura ke bi yana wucewa da kimanin santimita 50 a daƙiƙa a bakin faifai, ya sauko zuwa kusan 20 a kusa da tsakiya. Sauti mai yawa a ƙaramin fili ke nan. Idan allurar ta tsufa ko ba a daidaita zamanta ba, muryoyin nan na ƙarshe za su fashe su koma shuu. Yawancin allurai na matsakaicin kuɗi suna son nauyin giram 1.8 zuwa 2.2, a auna da ƙaramin sikeli, kada a dogara da lambar da ke jikin hannun na'ura. Rage nauyin don tausaya wa faifai kuskure ne, domin allura mara nauyi tana tsalle cikin layi tana karce shi.

Wani abin lura: hoton da ke cikin kwalin Diary na Rudy Sarzo da Tommy Aldridge ne, alhali Daisley da Kerslake ne suka kaɗa, an sallame su kafin kundin ya fito. Rigimar haƙƙi da ta biyo baya ita ta haifi bugun CD na 2002, inda aka goge bes da gangunan asali na kundayen biyu, Robert Trujillo da Mike Bordin suka sake kaɗawa. Ba wai ba su iya ba ne. Matsalar ita ce Rhoads ya kaɗa jitarsa yana bin numfashin wasu mutane biyu daban, sai sabon kiɗan ya zauna a gefe kamar faci. A 2011 aka mayar da na asali, kuma shi ne a cikin akwatin. Mai sayen CD na hannu ya buɗe takardar ciki ya duba sunaye. In ya ga Trujillo da Bordin a kan waɗannan kundaye biyu, kada ya saya.

Rhoads ya rasu a haɗarin ƙaramin jirgin sama a Leesburg ta jihar Filorida ranar 19 ga Maris 1982, yana da shekara 25. Kundin Tribute na 1987, wanda aka ɗauka a wuraren wasa, ya nuna cewa a gaban jama'a ya fi zafi da sakin jiki fiye da a situdiyo.

Zamanin makaɗin jita Jake E. Lee shi ne wanda aka fi yi wa rashin adalci. Bark at the Moon na 1983 an rubuta sunan Ozzy kaɗai a matsayin marubucin dukkan waƙoƙin, abin da Lee da Daisley suka daɗe suna musantawa. Lee ba ya amfani da sandar nan ta jijjiga sauti da ’yan zamaninsa suka ɗaura wa aure, da yatsu yake yin komai, kuma kiɗansa na rakiya ya fi na kowa kaifi a duk akwatin. Kibod ya yi yawa a wasu wurare, shi ne tambarin shekarun. A nan ma bugun CD na 2002 an sake haɗa sautinsa, ba shi ne abin da aka ji a 1983 ba. The Ultimate Sin na 1986, aikin furodusa Ron Nevison, an goge shi sumul don rediyo da tashar talabijin ta MTV: ganguna masu amsa-kuwwa, jita a matse a tsakiya. Ozzy da kansa ya sha kushe yadda aka haɗa shi, kuma an daɗe ba a sake buga shi ba, shi ya sa samunsa a faifan garmaho sabo yana cikin ribar akwatin. Waƙoƙin sun fi haɗin kyau. "Shot in the Dark" kaɗai ta isa shaida.

Daga 1988 sai Zakk Wylde a jita, saurayi daga New Jersey da bai daɗe da cika shekara 20 ba. Les Paul mai zanen da'ira, na'urorin ɗaukar sauti na EMG, amfilifayar Marshall JCM800, da wata ƙara mai kama da ihu da yake fitarwa idan ya shafi tsirkiya da gefen babban yatsa bayan ya buga ta. A No Rest for the Wicked ƙarar sabuwa ce, tana da daɗi. Shekaru 20 bayan haka ta zama ɗabi'a, kusan kowane layi sai ta fito.

No More Tears na 1991 shi ne inda komai ya zauna daidai, kuma in za a ɗauki kundi guda bayan na Rhoads, shi ne. Furodusoshi Duane Baron da John Purdell sun bar wa kowane kayan kiɗa wurinsa. Lemmy na ƙungiyar Motörhead ya rubuta baitocin waƙoƙi huɗu, ciki har da "Mama, I'm Coming Home", inda Wylde ya shigo da ɗanɗanon kiɗan jihohin kudu na ƙasar Amurka. Waƙar da ke ɗauke da sunan kundin ta haura minti bakwai, an gina ta a kan layin bes guda mai maimaituwa, da hutu a tsakiya na fiyano da goge kafin solo ya faɗo. Ba a samun gajiya a cikinta. Sai dai daga nan kundayen sun koma na zamanin CD, kusan minti 57, alhali gefen faifan garmaho ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti 20 zuwa 22 ba tare da an rage ƙarfin sauti da na bes ba. Dole a raba su faifai biyu. Sautin yana amfana, amma mai saurare zai riƙa tashi juya faifai bayan kowace waƙa biyu ko uku.

Ozzmosis na 1995 yana da manyan mutane, Geezer Butler a bes, Rick Wakeman a kibod, amma furodusa Michael Beinhorn ya jibga sauti kan sauti har kiɗan ya yi nauyin tafiya. Wasu na son wannan duhun, kuma "Perry Mason" ta ci moriyarsa. Daga can zuwa 2010 ne akwatin ya fi rauni. Down to Earth na 2001 Wylde ya kaɗa amma bai rubuta ko waƙa ɗaya ba, kuma ana jin hakan. Abin da ya tsira shi ne "Dreamer", inda son da Ozzy ke yi wa Beatles tun yana yaro ya fito fili. Black Rain na 2007 da Scream na 2010 aikin furodusa Kevin Churko ne: tsirkiyoyi a sassauce ƙwarai, komai an jera shi a kwamfuta, an matse sautin har babu bambanci tsakanin wurin da ya kamata ya yi sanyi da wurin da ya kamata ya fashe. Kunne yana gajiya tun kafin rabin kundi. Gus G, Bagirken da ya kaɗa a Scream, gwani ne, amma ya tarar an riga an rubuta waƙoƙin, sai ya zama ɗan haya. A waɗannan shekarun dai hankalin jama'a ya fi karkata ga bikin Ozzfest da aka fara a 1996 da shirin talabijin na iyalinsa a MTV.

Faya-fayai ukun da bugun 2025 ya ƙara, masu ɗauke da kundaye biyun ƙarshe, su ne suka sa ya fi na farko daraja. A watan Janairun 2020 Ozzy ya bayyana cewa yana fama da cutar Parkinson, wata guda bayan haka Ordinary Man ya fito. Andrew Watt ne furodusa kuma makaɗin jita, Duff McKagan a bes, Chad Smith a ganguna, kuma sun ɗauki kiɗan cikin ’yan kwanaki suna ɗaki ɗaya. Wannan ya dawo da numfashin da ya ɓace tun 1991. Baitocin na mutum ne da ke duban ƙarshen rayuwarsa, musamman waƙar da ya yi da Elton John. Aibinsa a fili yake: an gyara muryar da na'ura fiye da kima, har a dogayen amo kana jin ta tsaya cak babu rawar da muryar ɗan Adam ke yi, kuma an ɗaga ƙarar kundin har gangunan suna murƙushewa. Patient Number 9 na 2022 ya fi shi tsari. Maimakon makaɗin jita guda, an gayyato Jeff Beck, Eric Clapton, Tony Iommi, Mike McCready da Wylde, kowa da waƙarsa. Sakamakon bai zama jiki ɗaya ba, amma a saurari yadda Beck ke lanƙwasa amo a waƙar farko, sannan a tsallaka zuwa "Degradation Rules" inda Iommi, makaɗin jitar Black Sabbath, ya sauke nauyin kiɗansa; murya ɗaya ce, kiɗan kuwa kamar na ƙungiyoyi biyu. Kundin ya ci kyautar Grammy biyu a 2023.

Ta fuskar kaya, faifan garmaho ɗaya yana kai giram 140 zuwa 180, don haka 27 sun doshi kilo 4 zuwa 5 tun ba a sa kwali ba. Irin wannan nauyi shi ke fasa kusurwar akwati a hanya, kuma faifai yakan yanka bakin rigarsa idan an jijjiga shi. Da isowa a ciro kowane faifai a ɗora a na'ura a duba ko ya lanƙwashe, a ƙirga su, tun lokacin mayarwa bai wuce ba. A ajiye akwatin a tsaye, nesa da rana da zafi, domin robar faifai tana karkacewa kuma ba ta komawa daidai cikin sauƙi. Sabon faifai ma yana zuwa da ƙurar masana'anta. A share shi da burushi mai laushi kafin allura ta taɓa shi.

Wanda ya riga ya mallaki bugun 2019 ba shi da dalilin sake saye, ya nemi kundaye biyun ƙarshe daban. Sabon shiga kuma kada ya fara da akwati: Blizzard of Ozz da Diary of a Madman bugun 2011 ko na bayansa, da No More Tears, da Patient Number 9 sun ishe shi sanin ko yana son sauran. Akwatin na wanda ya riga ya san yana son zamanin Jake E. Lee da faya-fayen wasan fili ne, kuma ya yarda ya biya kuɗin kundaye uku na 2001 zuwa 2010 da ba lallai ya riƙa ciro su ba.