Wata uku da rautar Archer MR600: ta yi aikinta, amma ƙofar da nake son buɗewa ba a gidana take ba

Ni dai abin da ya sa na sayi rautar nan ta TP-Link guda ɗaya ne, ina son in kafa saba ta gem ɗin Minecraft, wato kwamfutar da za ta riƙe duniyar gem ɗin kowa ya riƙa shiga ta intanet, a ɗakina nan Ƙofar Ƙaura a Katsina. Mu takwas ne muke buga gem ɗin, akwai ƙanena, akwai abokai biyu da muka yi Jami'ar Umaru Musa Yar'adua tare, ɗaya yana Daura ɗaya Funtua, kuma mun gaji da jiran mutum ɗaya ya buɗe duniyarsa a waya, in ya fita ko cajinsa ya ƙare kowa ya watse. To ina da tsohuwar laftof mai RAM 8GB tana ajiye, na ce bari ta zama saba, ta kwana a kunne kan sola.

Rautar kanta ba ni da abin cewa. Sim ake sa mata, 4G ce, tana da eriya biyu da ake iya kwancewa da ramukan waya huɗu a baya, na jona laftof ɗin da kebul kai tsaye don wayales ba abin yarda ba ne ga saba. A ɗakin da wayata ke nuna sanda biyu ita tana kama sabis sosai, musamman da na ɗora ta kan taga. Shiga saitinta ma ba wuya, 192.168.1.1 kawai za ka rubuta a burauza.

Haɗa sabar bai ci mani lokaci ba. Na sa Java 21 da sabar ke gudana a kai, na sauke Paper, wato manhajar sabar, na gyara eula.txt zuwa true don amincewa da sharuɗɗan gem ɗin, sai na ƙara Geyser da Floodgate, masu barin masu waya su shiga sabar kwamfuta, saboda yawancin mutanena da waya suke bugawa, ba su da na kwamfuta. Ƙanena ya shiga daga falo ta wayfai ɗin gida, yana ihu "Yaya ta yi, ga ni a ciki!" Wallahi na ji daɗi ranar.

Sai maganar buɗe ƙofa ga na waje, abin da ake ce ma fot fowadin. Ga wanda bai sani ba, rauta kamar mai gadi ce, duk baƙon da ya ƙwanƙwasa daga intanet ba tare da an kira shi daga ciki ba korarsa take yi, sai ka faɗa mata cewa wanda ya zo ta ƙofa mai lamba kaza a kai shi wurin na'ura kaza. A wannan rautar wurin yana ƙarƙashin Advanced, NAT Forwarding, sannan Virtual Servers. Na sa ƙofa 25565 a TCP don masu kwamfuta, ƙofa 19132 a UDP don masu waya (TCP da UDP hanyoyin aika saƙo ne guda biyu), na kafe wa laftof ɗin adireshi ɗaya a Address Reservation don kar a ɗauke wuta a dawo ta canza lamba, na buɗe ƙofofin a fayawol ɗin Windows ma, wato mai gadin ita kwamfutar kanta. Minti goma an gama, kuma saitin a fili yake, ko wanda bai taɓa yi ba zai gane.

Na tura wa na Daura adireshi. Shiru. Ya ce ba ta shiga. Na duba a canyouseeme.org, shafin da ke gwada ko ƙofa a buɗe take daga waje, ta ce ƙofar a rufe take. Kwana uku na yi a kan abin nan, na goge na sake, na kashe fayawol gaba ɗaya na gwada, na mayar da rautar yadda ta zo daga kamfani, har na fara tunanin ko jabu aka sayar mani, sai a dare na uku wajen ƙarfe ɗaya na lura da wani abu a shafin Status. Adireshin da rautar ke cewa nata ne na intanet ya fara da 100.72, amma wanda shafukan duba IP, wato adireshin intanet, ke nuna mani daban ne kwata-kwata, ko kama ba su yi ba.

Ashe sunan abin CGNAT. Adireshin IPv4 duk duniya kusan biliyan 4.3 ne kuma sun ƙare, shi ya sa kamfanonin layin waya suke tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya. Duk lambar da ka ga farkonta tsakanin 100.64 da 100.127, ko wadda ta fara da 10, ta cikin gida ce, ba a ganinta daga waje. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, kai ka buɗe ƙofar ɗakinka wangale, amma babban get yana hannun mai gida kuma makullin ba ya wurinka. Baƙonka ko zaure ba zai iso ba. Don haka duk saitin da na yi daidai ne, rautar ba ta taɓa ganin ƙwanƙwasar ba ne ma.

Na kira kamfanin layin da nake amfani da shi, ba zan faɗi suna ba. Wadda ta ɗauka ta ce "Yallaɓai ka kashe ka kunna." Na yi mata bayani adireshin waje nake nema nawa na kaina, ta ce za a kira ni, har yau. Na canza sim na sa na wani kamfanin, lambar ta koma 10 da wani abu, kanwar ja ce. Wannan ya ƙona mani rai, don da mai shagon da na saya ko kamfanin layin wani ya faɗa mani tun farko da ban ɓata kwana uku ba, ai na faɗa wa mai shagon dalilin sayen.

Abin da ya fitar da ni shi ne playit.gg. Ƙaramar manhaja ce kake sawa a kwamfutar sabar, ita ke fita daga ciki ta haɗu da sabobinsu, su kuma su ba ka adireshin da za ka raba wa abokai, tunda daga ciki aka fita mai gadi ba ya hanawa. Na buɗe hanya biyu, ɗaya ta Java don masu kwamfuta, ɗaya ta Bedrock don masu waya, ban biya ko sisi ba. Masu waya su kula, lambar ƙofar da za su rubuta ba 19132 ba ce, wadda shafin ya ba ka ce. Na Daura ya shiga a gwajin farko, ya kira ni a waya yana dariya yana cewa "mutumina ga gidanka nan ina gani."

Akwai ɗan jinkiri, dole, saƙon sai ya zaga nesa ya dawo ko da abokinka yana Sabuwar Unguwa ne. Wajen gini da noma ba ka ji, wajen faɗa ne kake sara sai bayan ɗan lokaci ya nuna, kuma ya fi muni tsakanin magariba da ƙarfe goma lokacin da sabis ɗin unguwarmu ke cika. Na rage view-distance, wato nisan da ake hangowa a cikin gem, daga 10 zuwa 6 abin ya yi sauƙi sosai. Kuma don Allah duk wanda ya buɗe saba ga waje ya kunna white-list, wato jerin waɗanda aka yarda su shiga, ya sa sunayen mutanensa kaɗai, akwai masu yawo a intanet suna neman saba a buɗe su shiga su rushe ginin wata da watanni.

In za a tambaye ni, rautar huɗu cikin biyar zan ba ta, ga wanda ke son intanet mai ƙarfi a gida da sim ta cancanci kuɗinta, wata uku ba ta taɓa maƙalewa ba duk da zafin Katsina. Amma in don fot fowadin kawai za ka saya, tsaya tukuna, ka fara duba adireshin da layinka ke ba ka ko a ƙaramar MiFi ce, ka gwada shi da wanda intanet ke nunawa. In sun bambanta ko wace rauta ka sa wa sim ɗin nan haka za ta yi. Saitin 25565 ɗin na bar shi yadda yake ban goge ba, ina jiran ranar da faiba, intanet ɗin da ake jan waya har gida, za ta iso layinmu, kuma tambayar farko da zan yi musu kafin su ja waya ita ce ko suna ba da adireshin waje.