Rediyo a kan babur: iyafis, sifika, ko na cikin hular kwano?

Malam, ka ce kullum kana ɗaukar Boxer ɗinka daga Hotoro zuwa Wudil wurin aiki, wajen minti 45 zuwa, 45 dawowa, kuma labaran safe suna wuce ka. Kana son ka san wanne ya fi tsakanin iyafis, da sifikar da ake ɗaurawa a kan babur, da abin nan da ake maƙalawa cikin hular kwano. Duk ukun na yi amfani da su, kuma ɗaya daga ciki saura ƙiris ya kai ni kushewa, don haka ka yi haƙuri in ɗan tsawaita.

Bari in fara da iyafis mai waya, tunda shi kowa yake da shi a aljihu. Shi ne mafi araha, ba ya buƙatar caji, kuma yana da wani amfani da mutane da yawa ba su lura da shi ba: wayar nan tasa ita ce eriyar rediyon FM da ke cikin salularka. Shi ya sa a yawancin wayoyi in ka buɗe rediyo ba ka jona shi ba, sai ta ce maka ka sa iyafis. Da shi za ka kama Freedom a 99.5, ko Arewa Radio a 93.1, ko Rahama a 97.3, ko Dala a 88.5, ba tare da ka taɓa ko kobo na data ba. Daga Kano zuwa Wudil kuwa manyan tashoshin nan suna bin ka har ka sauka, sai dai ɗan ƙeƙe-ƙeƙe a wasu wurare. Wasu ƙananan wayoyin itel da Tecno masu madannai suna da eriyarsu a ciki, su ba ruwansu da wannan sharaɗi.

To amma ga abin da ya same ni. Wata rana da yamma ina dawowa ta titin Zariya, na toshe kunnuwana biyu da irin mai robar nan da ke shigewa ciki, ina jin sharhin ƙwallo. Na hango rami a gabana, na ɗan karkata hagu in kauce masa. Ban ankara ba sai iskar tifar yashi ta make ni, hannun rigata ya goga jikin bodinta, babur ya yi tangal-tangal har na sauka gefen kwalta. Direban ya tsaya can gaba ya fito, dattijo ne, hannunsa na rawa, ya ce da ni: "Yaro, tun daga nesa nake danna maka hon." Wallahi ko ɗaya ban ji ba. A kunnena ana can ana ihun an ci ƙwallo. Na zauna a kan dutse na fi minti goma ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Tun ranar na gane cewa mai babur da kunne yake ganin bayansa. Madubinmu ƙarami ne, yana rawa, wasu ma sun cire shi. Motar da ke tahowa a bayanka, da jiniya, da ihun mai Adaidaita Sahu, har da sauyin kukan injinka ko sarƙa in ta saki, duk kunne ne ke fara gaya maka. Don haka duk abin da zan auna maka a nan, da wannan mudun zan auna shi. In dole sai iyafis, to ɗaya tak, kuma a kunnen dama. Dalili shi ne a Najeriya da Nijar a hannun dama muke tuƙi, mai wuce ka ta hagu yake zuwa, kunnen hagu shi ne mai gadi. Ka zura wayar ta cikin riga kada ta rataya, don na taɓa ganin ta harɗe madubi ta fizgo waya ƙasa.

Iyafis na Bluetooth ya raba ka da matsalar waya, amma ya zo da nasa. Na farko, tunda babu waya babu eriya, a yawancin salula FM ba za ta yi ba, sai ka koma sauraro ta intanet. Tashar da ke watsawa a 64 kbps tana shan kusan MB 29 a awa. Tafiyarka awa ɗaya da rabi ce a rana, ka ga a kwanakin aiki na wata kusan GB 1 ya tafi, ga yankewa duk inda sabis ya yi rauni. Na biyu, yana zamewa. In ka cire hular kwano sai ka ga ɗaya ya faɗa ƙasa yana mirginawa ƙarƙashin mota. Masu tsadar nan da aka yi su don kashe hayaniyar waje kuwa, a ɗaki ko a jirgi ni'ima ne, a kan babur sun fi kowanne haɗari, domin aikin da aka ƙera su yi shi ne su hana ka jin titi. A Faransa tun 1 ga Yulin 2015 aka haramta wa duk mai tuƙi sa iyafis a kunne, mota ko babur ko keke, amma aka ƙyale sifikar da ke cikin hular kwano. Ba a banza suka raba biyun ba.

Sai sifika, wadda 'yan acaɓa suka fi so tun da daɗewa. Iri biyu ce. Akwai 'yar MP mai cajinta da za ka rataya ko ka ɗaure da roba, akwai kuma wadda riwaya zai jona maka da batirin babur, mai kai biyu kusa da madubi, tana cin memori da filas, tana kama FM. Babban alherinta shi ne kunnuwanka biyu a buɗe suke. A cikin gari, inda ba ka wuce kilomita 30 zuwa 40 a awa, ba ta da na biyu. Amma da zarar ka wuce Mariri ka buɗe totur, iska za ta kwashe maganar. Waƙa ko karatun da ka riga ka haddace za ka iya bin sa, labarai kuwa sai dai ka tsinci kalma ɗaya ka rasa uku. Ƙurar hunturu tana toshe ta, ruwan damina yana kashe masu arahar, kuma in ka ajiye babur a kasuwa ido yana kanta.

In za ka jona ta da batir, ka tsaya a kan riwayan ya yi abu biyu: ya sa fis, kuma ya ɗauki wutar daga bayan makulli, yadda in ka kashe babur ita ma ta mutu. Batirin babur ɗan ƙarami ne, bai kai girman na mota ba. Ni da aka jona mini kai tsaye, na manta ta a kunne dare ɗaya, da safe hon ko tari bai yi ba. Wani abu kuma da ba na fasaha ba ne amma yana damuna: abin da kake ji, duk layi na ji. In ka zo wucewa ta masallaci ana salla, ko asibiti, ko inda ake zaman makoki, ka rage. In karatun Alƙur'ani ne ma ka duba inda kake ratsawa da shi.

Rediyon gajeren zango kuwa, kada ka wahalar da kanka. Na gwada ɗaura ƙaramar rediyo don in ji BBC Hausa na ƙarfe 6:30 na safe, tartsatsin fulogi ya cika ta da tas-tas-tas, yana ƙaruwa duk sanda na ƙara wuta. FM ce kawai take jure wannan.

Yanzu na cikin hular kwano, wanda shi nake amfani da shi yau. Sifiku ne biyu fayau kamar faifai, ana manna su a gurbin kunne cikin hular, da ɗan akwati a gefen hagu mai manyan madannai da za ka lalubo ko da safar hannu. Sunayen da suka yi fice su ne Cardo da Sena, amma suna da tsada ƙwarai. Akwai 'yan China masu sauƙi da ke yin aikin, wasu da FM ɗinsu a ciki, ba sai ka taɓa waya ba. Bambancinsa da iyafis shi ne ba ya shiga ramin kunne, a gefe yake zaune, hon da jiniya suna samun hanya. Bambancinsa da sifikar kan babur kuwa, hular tana tare masa iska, maganar mai labarai tana iso ka a kilomita 70. Wayarka tana can cikin aljihu, ba a kafe a kan babur ba inda mai ƙwacen waya zai wafce ta a danja, kuma ba ka da abin kallo. A gudun kilomita 60, daƙiƙa biyu da za ka sunkuya ka sauya tasha, ka ci mita 33 ido rufe.

Aibinsa shi ne sai kana sa hular kwano, kuma na san zafin Afrilu a Kano. Amma hukumar kiyaye haɗura ta fara tilasta ta tun Janairun 2009, kuma ko ba doka, hanyar Wudil da manyan motocin da ke bin ta zuwa Maiduguri ba wurin hular zanna kaɗai ba ne. In son jin labarai ne zai sa ka riƙa sa ta, to rediyon ya yi maka rana. Yana kuma son caji, kuma in hular ta matse ka, sifikun za su danne kunne har ya yi zafi.

Akwai abin da duk ukun suka haɗu a kai, shi ne ƙara sauti don a rinjayi iska. Iskar da ke kaɗa kunnen mai babur a kilomita 60 tana kaiwa kusan desibel 90 a ma'aunin ƙarfin sauti. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya. Kai kuma don ka ji rediyo sai ka ɗora sautinsa sama da na iskar. In ka sauka ka ji kunnenka yana "ziiii", ka wuce gona da iri, kuma jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Dabarata ita ce in saita sautin ina tsaye, injin yana kunne, daidai yadda zan ji wanda ke mini magana a gefe, sannan ba na ƙarawa. In gudu ya cinye maganar, gudun nake ragewa.

Da a cikin gari kawai kake yawo, da sifika zan ce ka saya ka huta. Amma kai mai doguwar hanya ne, kuma magana kake son ji ba kiɗa ba, saboda haka na cikin hular ne naka, mai FM a jikinsa. Kafin kuɗin su samu, iyafis mai waya, irin wanda ba shi da roba, a kunnen dama kaɗai. Ranar da za ka je kasuwar wayoyi ta Farm Centre nemansa, ka tafi da hular taka, a manna maka a wurin. Ka sa ta, ka tayar da babur, ka kunna tashar, ka sa wani ya koma baya kamar taku ashirin ya danna hon. In ba ka ji shi tangaran ba, kada ka biya.